Dezo na Afirka da Naman Bikin Radka

Kwana goma kacal Dezider, wanda muke kira Dezo, ya yi a Namibiya, amma wata shida da dawowarsa bakinsa bai baro can ba. Mutumin da duk ƙauyenmu aka sani da faci da walda a bakin titin birni, shi ne ya dawo da faffaɗar malafa, da gajeren wando mai aljihu takwas, da wata bindiga wadda sai ya yi nishi kafin ya ɗaga ta, da wasu sanduna uku ɗaure wuri guda da ake ɗora bindigar a kai. Tare suka tafi da Vendelin likitan haƙori, kamar yadda masu ɗan hali cikin maharbanmu suka tsiro yi yanzu. Likita ya dawo ya ci gaba da cire haƙora. Dezo kuwa, ko gishiri ka ce ya miƙo maka, sai ka ji yadda ya kayar da ɓauna.

Matarsa Terka ba ta da lokacin ɓauna. Saura mako biyu bikin 'yarsu Radka, baƙi ɗari da ashirin. Terka irin matan nan ce da ke farkawa da tunanin ko cokula za su isa. Tun bazara ta tsara komai: alade guda wajen mahauci, cinya huɗu da ta yi wa banda da hannunta suna rataye a ɗakin hayaƙi, sannan Kawu Imro, shugaban ƙungiyar maharba, ya yi mata alkawarin aron babbar tukunyar ƙungiya. Duk ƙauyen babu wadda ke ɗaukar gulash, farfesunmu na nama da dankali, na mutum ɗari sai ita.

Ranar Lahadi surukai suka zo cin abincin rana. Uwar ango, Alzbeta, tsohuwar shugabar makaranta ce daga birni, mai goge cokali da ƙyalle kafin ta sa a baki. Ta ɗanɗana miya, ta ajiye cokalin.

"Uwar amarya, naman dai ya wadata ko? Danginmu mutane ne masu ci."

Terka ta buɗe baki, Dezo ya riga ta.

"Naman mahauci? A bikin 'yata? Na soke shi tun ranar Alhamis."

Ludayin da ke hannun Terka ya tsaya a sama.

"Ka yi me?"

"Kanar za a ci. Ranar Asabar akwai farautar kora. Da hannuna zan kawo shi."

Kanar wani tsohon aladen daji ne da ya shekara biyar yana cin dankalin ƙauyen. Ya tone filin ƙwallo, ya tone bayan coci, ya farke cikin karnuka biyu. Maharba goma sha huɗu sun bi shi sun gaji.

"Wanda ya dubi ɓauna ido cikin ido," in ji Dezo, yana sakace, "alade wasan yara ne a wurinsa."

"To, madalla," in ji Alzbeta. "Zan zo ranar Asabar in gan shi da idona."

Da sassafe ranar Litinin Terka ta ruga wajen mahauci. Ya ce ta makara, an kai aladen wani bikin, sauran kuma duk da masu su, lokacin yanka ne. Ta dawo gida ta shiga ɗakin hayaƙi, ta shafa cinyoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya. In aka yanka su siriri, aka yawaita dankali da kabeji, wataƙila a rufa asiri. Da wannan ta samu ta ɗan yi numfashi.

Makon nan Dezo bai yi facin taya ko ɗaya ba. Ya ɗinka 'yar jaka ya cika ta da toka, wai da ita ake gane inda iska ta nufa. Ya gwada a ƙofar coci, iskar ta kai tokar kan Fada, limamin cocin, ya shiga addu'ar safe yana atishawa. Ranar Laraba ya ga sawu a bayan gari, ya bi shi da rarrafe tun hantsi har la'asar, yana shinshina ƙasa, ya tsallake shinge uku, ya ɓulla cikin garken aladen Gejza, yayan Terka, wanda ke dafa wa maharba abinci ranar farauta.

Gejza na tsaye da bokitin dusa.

"Suruki, sannu da zuwa. Daga Afirka aka biyo ta nan?"

"Sawu nake bi."

"Ai kuwa ka same ta. Sunanta Rozika. In za ka harbe ta, bari ta gama ci."

"Kai me ka sani game da farauta? Albasa kake yankawa."

"Albasa kam ban taɓa kuskuren ta ba."

Ranar Asabar gari ya waye da hazo da 'yar dusar ƙanƙara. Terka ta leƙa ɗakin hayaƙi kamar yadda ta saba kowace safiya. Ƙugiya huɗu na lilo, babu komai a jikinsu. Ta rufe ƙofa, ta sake buɗewa. Babu dai.

Ta tarar da Dezo a tsakar gida yana ɗaure takalmi, gwiwoyinsa a waje sun yi ja don sanyi.

"Dezo, ina cinyoyina?"

"Suna wurin aiki."

"Wane aiki?"

"Jiya da la'asar na rataye su a babban itacen nan na kusa da filin da Gejza ke yi wa maharba girki. Haka ake yi wa damisa. Ka rataye nama, ka laɓe, ita za ta kawo kanta."

"Kanar damisa ne?"

"Dabara ɗaya ce."

"Ka taɓa ganin alade a kan itace?"

"Terka, ba ki je ba, ba ki gani ba. Bar wa maza."

Ya saɓa bindiga, ya rungumi sandunansa, ya fita. Terka ta bi shi da kallo. Shekara ashirin da shida da aure ba ta taɓa shiga cikin masu kora ba, tana tsoron daji, tana tsoron ƙarar bindiga. Ta ɗauki murfin tukunya da ludayi, ta ɗaura kallabi, ta bi bayansa. Ba Kanar take nema ba, cinyoyinta take so ta kwanto kafin wani abu ya same su.

A bakin daji kowa ya hallara. Kawu Imro, mai shekara saba'in da takwas, ƙahon farauta rataye a wuyansa, ya cire hularsa ya zuba takardun ƙuri'a a ciki. Kowane maharbi ya ɗauki lambar wurin da zai tsaya. Dezo ya zaro tasa, aka leƙa, wurin ya ɗauki guna-guni.

"Bakwai," in ji Kawu Imro. "Bakin kwazazzabo. Duk shekara ta nan Kanar yake ficewa. Allah ya ba ka, Dezider."

"A can ba a tsayawa jiran dabba kamar mai jiran bas, Kawu. Binta ake yi."

"A nan tsayawa ake yi. Ba mai ɗaga ƙafa daga wurinsa sai na busa sau uku. Wanda ya bar wurinsa ya bar kasonsa na nama. Ka san wannan tun kana cikin masu kora." Tsohon ya dubi ƙafafunsa. "Sauran wandon fa? A jirgi aka riƙe?"

Aka yi dariya. Dezo ya girgiza jakar tokarsa, ya duba iska, ya wuce.

Ƙaho ya yi kuka sau ɗaya, aka saki karnuka. Masu kora suka jeru suka kutsa cikin itatuwa suna ihu suna buga abin da ke hannunsu. Terka na ƙarshen layi, ɓangaren kwazazzabo, tana buga murfinta tana addu'a. Karnuka bakwai suka tashi da haushi a gaba, haushin da ke cewa sun ga babba. Can sai haushin ya karkata hagu, ya yi nisa, ya koma wani irin gurnani na masu rabon gado.

"Ina karnukan suka nufa?" wani ya yi kira daga cikin hazo.

Terka ta sani. Ƙamshin cinyoyin nan ne ya ja su.

Kafin ta motsa, kurmin da ke gabanta ya buɗe. Kanar ya fito, baƙi ƙirin, tsayinsa ya kai ƙugunta, haurensa kamar lauje. Babu kare ko ɗaya a bayansa, don haka bai ga dalilin gudu ba. Ya dube ta, ta daina buga murfi. Ya juya ya gangara bakin kwazazzabo, daidai itacen da aka kafa wa lamba bakwai. Makaho ma da ya same shi daga nan. Babu kowa a wurin sai sawun takalmi da ɗan tsibin toka. Kanar ya tsaya, ya sosa gefensa a jikin itacen, ya wuce abinsa.

Terka ta tattara siket ta yi hagu da gudu. A gindin babban itacen ta same su. Dezo ya rataye cinyoyin daidai kafaɗarsa, shi kuma ba dogo ba ne. Uku sun riga sun sauko, karnuka sun yi musu rumfa. Ta huɗun na lilo, ƙaramin karen Kawu Imro na maƙale da ita da haƙora, ƙafafunsa na harbin iska. Ta kai masa ludayi, ya faɗo da rabi. Abin da ya rage a igiya ƙashi ne da ɗan fata.

Tana tsaye da ƙashin a hannu aka yi wata ƙara da ta girgiza dusar kan rassa. Bayanta kuma wata ta biyo, gwam, kamar an doki ƙararrawar coci da guduma.

A bakin filin girki ta tarar da mijinta, kwance rigingine cikin ƙaya, malafa a gefe, sanduna uku sun watse, madubin bindiga ya tsaga masa gira. Amma fuskarsa cike da murna.

"Na same shi, Terka. Karnukan banzan nan sun ɓata mini tarko, na zagayo, sai ga shi tsaye cikin hazo. Baƙi, ƙato, numfashinsa na tashi. Harsashi ɗaya!"

"Dezo, Kanar ya wuce ta lamba bakwai. Na gan shi."

"To ƙanensa ne."

Iska ta ɗan ɗaga hazon. A tsakiyar fili, kan ƙafafunta uku na ƙarfe, tukunyar ƙungiya na lilo bisa wuta. Huda ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, gulash na tsiyaya ta duka biyun yana kashe garwashi. Gejza ya fito daga cikin itatuwa rungume da itacen wuta. Ya dubi tukunyar, ya dubi kututturen da yake zaune a kai kafin ya tashi neman itacen. Ya ajiye kayan a hankali.

"Suruki, ba ta yi yunƙurin kawo maka hari ba dai ko?"

Terka ba ta yi kuka ba. Ta zauna kan dusar ƙanƙara da ƙashinta. Babu alade, babu cinya, babu tukunya, saura kwana bakwai.

Da la'asar aka taru gaban mashaya don karrama abin da aka kashe, kamar kullum. Duk ƙauyen ya fito. An shimfiɗa rassa kore a ƙasa, an kwantar da matasan aladu biyu da wasu suka samu, kowanne a gefensa na dama, an sa masa ɗan reshe a baki, lomarsa ta ƙarshe. Maharban ba su ci komai ba tun safe, ba wanda ke fara'a. Motar surukai ta tsaya, Alzbeta ta fito da jaka a hannu.

"Uwar amarya, wanne ne Kanar ɗin? Ƙanana na gani."

Kafin Terka ta sami amsa, Gejza da wasu mutum uku suka fito daga bayan mashaya, ɗauke da tukunyar a kafaɗa, suna tafiya a hankali kamar masu kai gawa. Suka kwantar da ita a layi, ta uku, a gefenta na dama. Kawu Imro ya karyo reshe, ya duƙa da ƙyar, ya soka shi cikin hudar. Ya miƙe ya cire hula. Maharba goma sha uku suka cire nasu. Ya kai ƙaho baki ya busa mata kukan ban kwana, tiryan-tiryan, har ƙarshe.

"Shekara arba'in da ɗaya tana ciyar da mu," in ji shi. "Ba ta taɓa barin wurinta ba."

Mata suka toshe baki da kallabi. Fada ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Hazo ne," in ji Dezo, da filasta a gira. "Ko a can ma ana samun haka. Likita, gaya musu. Gaya musu ranar ɓauna."

Vendelin ya share gilashinsa. Shi ma da yunwa.

"A can akwai mai bin sawu, akwai mai kafa sanduna, akwai mai riƙe maka ruwa, akwai Baturen da ke raɗa maka a kunne cewa wannan dabba ce, harba."

"Amma na harba!"

"Ka harba. Ka sami gidan gara. Baturen ne ya sami ɓaunar. Ku biyu kuka danna tare, shi ya sa ba ka ji tasa ba. Ka tsaya a hoto da kyau, wannan kam ba mai ƙwace maka."

Alzbeta ta juyo wajen Terka, ta yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"To me danginmu za su ci ranar Asabar? Reshe?"

Kawu Imro ya ɗaga hannu.

"Hukunci biyu ne. Na farko, Dezider ya bar lamba bakwai, ba shi da kaso cikin naman nan. Na biyu kuma abin farin ciki ne. Duk wanda ya kashe irin dabbar da bai taɓa kashewa ba, sai ya kwanta a kanta a yi masa bulala uku na shiga sahu. Ka taɓa kashe tukunya, Dezider?"

"Kawu, wannan ai wulaƙanci ne."

"Al'ada ce. Ko ka kwanta, ko ka ajiye katin ƙungiya."

Dezo ya dubi jama'a, bai ga mai ceto ba. Ya kwanta rubda ciki bisa tukunyar, gajeren wandon nan ya ɗame. Gejza ya kwance ɗaya daga cikin sandunan Afirka ya miƙa wa tsohon. Kawu Imro ya jinjina ta, ya dafa kafaɗarsa.

"Wannan kafaɗar ba ta ɗaguwa tun kaka. Terka, 'yata, ke aka fi yi wa ɓarna. Karɓi."

Terka ta karɓa. Ba ta taɓa dukan ko kyanwa ba. Ta ɗan taɓa shi sau uku, kamar mai kaɗe gari daga riga, ta miƙa sandar.

"Haba ƙanwata," in ji Gejza. "Wannan ai lallashi ne. Ƙara masa ɗaya ta gaskiya, na bar miki kasona na nama."

Terka ta tsaya. Ta dubi aladun nan biyu. Kaso goma sha uku za a yi.

"Ni ma na bar miki nawa," in ji Vendelin. "Wata shida ina jin labarin ɓauna."

"Da nawa," in ji wani maharbi. "Karena ya ci gishirin da zai kwana yana shan ruwa."

"Da nawa, saboda abincin rana."

Hannuwa suka yi ta tashi. Terka ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Mutum ɗari da ashirin, kowa tsoka huɗu, ga dangin ango masu ci.

Dezo ya waiwayo daga kan tukunyar.

"Terka. Terka tawa. Uwar 'ya'yana. Ba za ki biye wa mashayan nan ba."

"Kaso tara nake buƙata, Dezo, kowanne bulala ɗaya."

"Tara!"

"In an yawaita dankali."

Ta ajiye jakarta, ta naɗe hannun riga, ta gyara tsayuwa kamar ranar kaɗe darduma. Ta farko ta sa tukunyar ta amsa. Jama'a suka ɗauki ƙirga da baki ɗaya. A ta uku Dezo ya kira sunan Maryama. A ta shida ya ce ya yarda gidan gara ne. A ta tara Terka ta sauke sandar tana haki, ta juya wajen Alzbeta.

"Uwar ango, kin ce mutanenku masu ci ne. Sosai?"

Alzbeta ta dubi Dezo, ta dubi sandar, ta gyara jakarta.

"Ƙanena Ludovit yakan ƙara sau biyu."

Terka ta ƙara ɗaya saboda Ludovit.

Ta sunkuya kusa da kunnen mijinta.

"Gobe da safe ka kai tukunyar nan shagonka. Huda biyu ce. Wannan aikin dai ka iya shi, ba sai Bature ya raɗa maka ba."

Ranar Asabar aka yi biki. Tukunyar na bisa wuta a tsakar gida da faci biyu masu ƙyalli, ko ɗigo ba ta zubar ba. Radka ta yi kyau, gulash ya isa kowa, Ludovit ya ƙara sau biyu, Alzbeta ta ci ba tare da ta goge cokali ba. Uban amarya kaɗai ne bai zauna ba. Yana jingine da bango cikin dogon wando, kwano a hannu. Wani tsoho daga dangin ango ya jawo masa kujera.

"Zauna mana, uban amarya."

"Na gode," in ji Dezo, ya ɗaga haɓa. "A Afirka manyan maharba a tsaye suke ci. Don kada dabba ta shammace su."

"Ikon Allah. Kullum?"

Terka na wucewa da ludayi, ba ta ko tsaya ba.

"Kwana goma, likita ya ce. Daidai kwanakin da ya yi a can."